Kwana uku a kan keke cikin gonakin inabin Alzas

Yankin Alzas siriri ne, a gabashin Faransa, matse tsakanin duwatsun Vosges ta yamma da kogin Rhin ta gabas, inda aka yi iyaka da Jamus. Gonakin inabinsa suna manne da gindin duwatsun nan, a tsayin mita 200 zuwa 400, kamar ɗamara mai tsawon fiye da kilomita 100, wadda faɗinta a wurare da yawa bai wuce kilomita biyu ko uku ba. Wannan ɗamarar na bi a kan keken tsere cikin watan Yuni, kwana uku, daga birnin Strasbourg har garin Thann. Sunayen garuruwan na bar su yadda suke a allunan hanya, don su ne idonka zai nema in ka je.

Hanyoyi biyu ne suka ratsa gonakin, kuma rikita su shi ne kuskuren farko da baƙo ke yi. Akwai ta motoci, wadda aka buɗe a 1953, mai tsawon kimanin kilomita 170 daga Marlenheim zuwa Thann. Akwai kuma ta kekuna, wadda aka buɗe a 2013, kilomita 130 da 'yan kai, tana bin hanyoyin gona da tsofaffin layukan dogo da ƙananan tituna. Allunanta farare ne da koren rubutu da hoton keke, sau da yawa tare da shuɗiyar alama mai lamba 5, domin ɓangare ce ta doguwar hanyar kekuna ta Turai mai suna EuroVelo 5. Ta motocin ta fi kyan kwalta, amma daga hantsi zuwa la'asar motocin 'yan yawon buɗe ido da manyan bas ne a kanta, kuma babu gefe. Abin da na yi shi ne in riƙe ta kekunan, sai in ina son shiga wani ƙauye da ta kauce masa in hau ta motocin na ɗan lokaci.

A taswira za ka ɗauka tafiyar shimfiɗe take. Ƙafarka za ta gaya maka ba haka ba ne. Kusan kowane ƙauye yana zaune ne a bakin kwari, inda rafi ya fito daga dutse, kuma tsakanin wannan kwarin da na gaba akwai doron tudu da inabi ya rufe. Ka gangara cikin gari, ka fita ka hau, ka sake gangarawa. Babu hawan da zai ba ka tsoro shi kaɗai, amma in suka taru sau goma sha a yini, wanda giyar kekensa ke da nauyin takawa zai ji a gwiwarsa tun kafin azahar. Saboda haka keken da ya dace shi ne mai faifai biyu a gaba, na haƙora 50 da na 34, a baya kuma babban faifan ya kai haƙora 32. Taya kada ta gaza milimita 28 a faɗi. 32 ta fi. Ga mai nauyin kilo 70 zuwa 75, iskar bar 5 (bar ma'aunin ƙarfin iska ne) ta isa a taya 28, wato kusan 72 a ma'aunin masu facinmu, taya 32 kuma bar 4. In ka cika iska fiye da haka, daɓen duwatsun cikin ƙauyuka zai girgiza ka har hannunka ya mutu. In ka rage sosai, bakin wili zai cije tif a kan kaifin dutse, ka ga huji biyu a jere kamar saran maciji. Wannan facin shi ya fi yawa a hanyar nan, ba na ƙaya ba.

A jakar ƙarƙashin sirdi na saka tif biyu, da robobin ɓanɓare taya, da faci da gam, da alanki mai baki da yawa, da mahaɗin cen guda ɗaya, famfo kuma a jikin keke. Ka duba bakin famfonka tun a gida: bawul ɗin keken tsere siriri ne mai ɗan murfin da ake warwarewa kafin a buga iska, ba irin na mota ba ne. In haya ka ɗauko, abin da ya fi sauƙi ke nan da ɗauko keke a jirgin sama, ka matsa birki ɗaya bayan ɗaya kafin ka hau. A Faransa hannun hagu ne birkin gaba, na dama na baya, alhali kekunan da aka haɗa a tsarin Ingila akasin haka suke. Mutum ya damƙe na gaba da ƙarfi a gangara yana zaton na baya ne, ta kan keke zai wuntsila.

Ranar farko na fita daga Strasbourg da ƙarfe shida da rabi. A Yuni rana tana fitowa wajen biyar da rabi, ba ta faɗuwa sai tara da rabi na dare, don haka lokaci ba ya ƙuntata. Cikin birnin abu ɗaya za ka kiyaye, layin taragon cikin gari: ka tsallaka shi a miƙe, kada a karkace, don siririyar taya tana faɗawa ramin ƙarfen. Daga gefen birni na kama hanyar da ke bin magudanar Bruche, wadda injiniyan soja Vauban ya haƙa a 1682 don jigilar duwatsun gina sansanin Strasbourg. Kimanin kilomita 20 ne a inuwar bishiyoyi, babu mota, babu tudu, tsofaffin ƙofofin ruwa suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshenta, kusa da Avolsheim, ta haɗe da hanyar inabi da ta gangaro daga Marlenheim a kan tsohon layin dogo. Molsheim na nan gaba kaɗan, garin da Ettore Bugatti ya kafa masana'antar motocinsa a 1909.

Daga Rosheim ake fara jin tudu. Garin yana da cocin dutse mai ruwan ɗorawa na ƙarni na 12 a bakin babban titi, kuma ta ƙarƙashin tsofaffin ƙofofin gari ake shiga a fita. Obernai ya fi shi girma da cunkoso. Nan na cika gorunan ruwa na sayi abincin rana tun kafin sha biyu. Dalili shi ne, a ƙananan garuruwan nan shaguna da yawa suna rufewa da tsakar rana har wajen ƙarfe biyu, gidajen abinci kuma da biyu ta yi sun daina dafawa sai dare. Ranar Lahadi ta fi tsanani, domin Alzas tana da dokokinta na gida da ta gada tun lokacin da take hannun Jamus, daga 1871 zuwa 1918, kuma a ƙarƙashinsu yawancin shaguna a rufe suke ranar. Masu gyaran keke da yawa kuma ba sa buɗewa Litinin. Wanda cen ɗinsa ya tsinke da yammacin Asabar ba shi da mahaɗi, yana iya zaman jira har Talata.

Maganar abinci tana son kulawa ga Musulmi. Inabin nan kusan dukkansa barasa ake yi da shi, kuma ƙofa bayan ƙofa akwai allon da ke kiran masu wucewa su shigo ɗanɗano. Ba dole ba ne ka shiga, ba kuma wanda zai tare ka. Wasu gidajen suna sayar da tataccen ruwan inabi marar barasa, an rubuta jus de raisin a kwalbar. Amma a lokacin girbi akwai wani da suke kira neier siasser ko vin nouveau, mai gurɓi-gurɓi da zaƙi kamar lemo, alhali ya riga ya fara tsima. Wannan barasa ce. Shahararrun girke-girken yankin, choucroute da baeckeoffe da tarte flambée, naman alade ne a ciki in ba ka ce a cire ba, baeckeoffe ma da barasa ake jiƙa namansa. Abin da ya riƙe ni a hanya shi ne burodi da cuku da ayaba da dabino. Shagunan Turkawa masu nama halal suna nan a manyan garuruwa irin su Sélestat da Colmar, Strasbourg kuma tana da babban masallaci da aka buɗe a 2012. A kan keke kada ka jira yunwa: dabino uku ko ayaba ɗaya duk minti 45, ruwa rabin lita ko fiye duk awa in rana ta yi zafi. Maɓuɓɓugan tsakiyar ƙauye masu furanni suna jan ido, amma da yawansu an rubuta eau non potable, ma'ana ba na sha ba ne.

Na kwana a Barr bayan kimanin kilomita 50. Wajen neman masauki ka duba alamar Accueil Vélo, wadda ake ba gidajen da ke kusa da hanyar keke masu wurin kulle keke da kayan gyara.

Rana ta biyu ita ce zuciyar tafiyar, kuma da sassafe ya kamata a fara ta. Gonakin suna fuskantar gabas da kudu maso gabas, don haka hasken safiya yana shiga tsakanin layukan kai tsaye. Na tsaya a bakin wata gona bayan Mittelbergheim na duba yadda aka yi ta. Kowace kurangar inabi an ɗaure ta a wayoyi da aka ja tsakanin turaku, tsayinta ya kai na mutum. Layi ɗaya an bar masa ciyawa, na kusa da shi an kafce, don ruwan sama kada ya kwashe ƙasa kuma tarakta ta sami wurin takawa. A Yuni 'ya'yan ba su wuce ƙwayar gero zuwa ta wake ba, kore shar. Duwatsun Vosges ne suke tare gizagizan da ke tasowa daga yamma, shi ya sa Colmar ke samun ruwan sama kimanin milimita 600 kawai a shekara, tana cikin biranen da suka fi ƙarancin ruwa a Faransa. Wannan bushewar ce inabin ke so, ita ce kuma ke sa mai keke ya fi samun sararin sama a nan fiye da bayan dutsen.

Hanyoyin cikin gonar na siminti ne ko siririyar kwalta, kuma na manoma ne kafin su zama na masu keke. Akwai magudanan ruwa da aka yanka a gicciye, wasu da murfin ƙarfe; ka ɗaga jikinka daga sirdi ka sassauta hannu in za ka haye su. Bayan ruwan sama, tsakuwa da yashi suna taruwa daidai inda hanya ta lanƙwasa a ƙasan gangara, wato daidai inda kake da gudu. Ka rage gudun tun kana miƙe, ka saki birki kafin ka shiga lanƙwasar. Siraran taraktocin inabi suna fitowa daga tsakanin layuka ba tare da direban ya gan ka ba, a bazara kuma sukan ja injin feshi. In ka hango hazon maganin ka tsaya daga nesa ya lafa. A Satumba da Oktoba, lokacin girbi, taraktocin sun ninka, ruwan inabi yana ɗiga daga tirela ya sa hanya santsi, zanzaro kuma ya yi yawa.

Dambach-la-Ville har yanzu a cikin ganuwarsa yake, da ƙofofinsa masu hasumiya. Gidajen irin na yankin ne: ƙashin ginin katako ne a gicciye, a bayyane, an cike tsakaninsa da laka da aka kwaɓa da ciyawa, aka shafe da fenti ja ko shuɗi ko ruwan ƙwai. Duk wanda ya taɓa ganin magini yana cuɗa ƙasa da ramno zai gane aikin nan take.

Bayan Châtenois sai Kintzheim, inda hanya ta rabu. Mai son ya tsaya a gonaki ya miƙe kudu. Ni na juya dama na hau zuwa Haut-Koenigsbourg, tsohuwar fadar jan dutse da ke zaune a tsayin mita 757, wadda sarkin Jamus Wilhelm na biyu ya sa aka sake ginawa tsakanin 1900 da 1908. Hawan kimanin kilomita 8 ne, ana ɗagawa kusan mita 500, yawancinsa cikin daji mai inuwa. Da faifan 34 a gaba da 32 a baya, kana juya feda sau 70 a minti, gudunka zai kama kilomita 9 a awa, wato kusan awa guda ke nan. Kada ka fara da ƙarfi. Ka riƙe numfashin da za ka iya magana da shi. Daga sama filin Alzas gaba ɗaya yana ƙarƙashinka, ƙauyuka kamar an zuba su, duwatsun Baƙin Daji na Jamus a can ƙetaren kogi. Na gangaro ta Saint-Hippolyte. A gangara irin wannan kada ka riƙe birki a matse tun daga sama har ƙasa, don wili ko faifan birki zai yi zafi ya daina kamawa; ka matsa sosai, ka saki, ka sake matsawa. Ka sa riga mai tare iska kafin ka fara, saboda jiƙaƙƙen jiki yana ɗaukar sanyi ko a Yuni.

Daga nan ƙauyukan sun matso juna, kilomita uku ko huɗu tsakani. Bergheim yana da ganuwa ninki biyu ta ƙarni na 14 da za ka iya zagayawa. A Ribeauvillé da Hunawihr ne na fi ganin tsuntsun da Alzas ta ɗauka tambarinta, ɗan'uwan shamuwarmu, sai dai ya fi ta girma, fari ne mai baƙin fiffike da jan baki da jan ƙafa. Sheƙarsa tarin itace ce a kan hasumiya ko bututun hayaƙi, ba ya kuka sai dai ya karkaɗa baki kamar ana buga katako biyu. Asalinsa in sanyi ya gabato yakan yi ƙaura zuwa Sahel ɗinmu na Afirka ta Yamma. A 1974 ma'aurata tara kacal suka rage a Alzas duka, sai aka buɗe cibiyar kiwonsu a Hunawihr a 1976, yanzu kuma sun koma ɗaruruwa. Cocin Hunawihr yana kan tudu a tsakiyar inabi, kewaye da katanga, don nan mutanen ƙauyen ke fakewa lokacin yaƙi.

Riquewihr shi ne wanda kowa ke zuwa gani, kuma ya cancanta, amma ba wurin hawan keke ba ne. Babban titinsa daɓen dutse ne mai hawa har zuwa hasumiyar Dolder ta 1291, cike da mutane tun daga hantsi. Na sauka na tura. Takalmin tsere mai ƙarfe a tafi yana zamewa a kan duwatsun nan, shi ya sa takalmi mai ɓoyayyen ƙarfe, irin na keken daji, ya fi dacewa da tafiyar da ake yawan sauka.

Kudu da Riquewihr kamannin ƙauyuka ya sauya. Mittelwihr da Bennwihr da Sigolsheim gidajensu sababbi ne, babu katakon nan na da. An rushe su ne a yaƙin ƙwato Colmar daga hannun Jamus, a hunturun 1944 zuwa Fabrairun 1945. A saman tudun da ke bayan Sigolsheim, wanda sojoji suka laƙaba wa Tudun Jini, akwai maƙabartar sojojin Faransa da aka buɗe a 1965. Hawan gajere ne amma a tsaye yake, ta tsakiyar inabi. Giyar keke da ta fi sauƙi za ka saka tun daga ƙasa. Soja fiye da 1,500 ne ke kwance a wurin, kusan rabinsu Musulmi daga Arewacin Afirka. Duwatsun kaburburansu masu kan baka ne, da rubutun Larabci a sama, suna da shekarar rasuwa a ƙasa, layi bayan layi, ciyawa a gyare tsaf. Babu mai sayar da komai, babu hayaniya, sai iska. Wanda ya bi hanyar nan bai hau tudun ba ya bar abin da ya fi komai nauyi a cikinta. Na yi musu addu'a na gangaro.

Kaysersberg na kusa, da gadarsa mai katanga ta 1514 a kan rafin Weiss. Nan aka haifi likita Albert Schweitzer a 1875, wanda ya kafa asibiti a Lambaréné ta ƙasar Gabon. Na kwana a Turckheim, inda daga Mayu zuwa Oktoba mai gadin dare ke fitowa da ƙarfe goma da fitila da doguwar sanda mai gatari, yana zagaya unguwanni yana rera gargaɗi da harshen Alzas cewa a kula da wuta.

Rana ta uku na isa Eguisheim kafin takwas, kuma lokacin ke nan da ya dace. Titunansa a zagaye suke, da'ira cikin da'ira, suna bin sawun tsohuwar ganuwa, wasu ba su fi faɗin amalanke ba. Daga nan zuwa kudu baƙi sun ragu, hanya ta fi tsawo tsakanin gari da gari, ta Rouffach da gefen Guebwiller da Cernay. Iskar yankin takan bi tsawon kwarin, sau da yawa daga kudu maso yamma, don haka mai tafiya kudu yakan sha ta a fuska da rana. A cikin garuruwa ka tuna dokar da ke kama baƙi: a mahaɗar da babu allo ko layi, wanda ya fito daga damanka shi ke da hanya, ko da lungu ya fito. Doka ta wajabta ƙararrawa, da fitilar gaba da ta baya in duhu ya yi, da riga mai ƙyalli a wajen gari da dare. Sa abin saurare a kunne kana tuƙi laifi ne mai tara. Hular kwano dole ce ga yara 'yan ƙasa da shekara 12. Babba ma kada ya hau ba ita. Lambar gaggawa 112 ce.

In jiki ya gaza ko hadari ya taso daga dutse, kamar yadda yakan yi da la'asar a bazara, layin dogo ba shi da nisa. Jiragen yanki da ake kira TER suna tsayawa a Molsheim da Obernai da Barr da Sélestat da Colmar da Rouffach, kuma suna da wurin rataye keke, sai dai wasu masu sauri ba sa karɓarsa a lokutan cunkoson ma'aikata.

Thann yana bakin kwarin Thur, inda ɗamarar inabin ta ƙare. Gonar ƙarshe, Rangen, ita ce ta fi kowace tsayuwa a Alzas: baƙar ƙasar dutsen aman wuta ce da ta miƙe daga bakin rafi, har masu girbi sukan nemi taimakon igiya. Na jingine keke a ƙasa na taka zuwa kangon fadar Engelbourg a saman gari. A 1673 sarki Louis na 14 ya sa aka tarwatsa ta da albarushi, sai wani yanki na hasumiyarta ya faɗi a kan gefensa bai fashe ba, yana nan har yau kamar ƙaton zoben dutse, mutanen garin suna kiransa Idon Mayya. Ta cikin raminsa ana hango dogon tsinin cocin Saint-Thiébaut da jajayen rufin gidaje. Daga tashar garin jirgi ke zuwa Mulhouse, a can a canza zuwa Strasbourg. Na cire jakar sirdi, na rataye keken ta wilin gaba a ƙugiyar tarago, na zauna ta gefen hagu, inda ake ganin tuddan inabin suna komawa baya ɗaya bayan ɗaya.